Yadda za ka yi wa Toyotarka inshora ba a ci da guminka ba

Mutane da yawa na cewa ai Toyota ba ta lalacewa, to me zai kai mutum biyan inshora mai tsada. Gaskiya ne injinta akwai juriya, amma juriyar inji ba ta hana a buge ka a hanya, kuma ba ta hana ɓarawo.

Da farko ka san inshorar motar da aka fi yi iri biyu ce. Akwai ƙaramar, wacce ke biyan wanda ka yi wa ɓarna kawai, taka motar kuwa kai za ka gyara da aljihunka. Sai cikakkiyar, ita ce ke ɗaukar haɗari da gobara da sata. In Hilux ko Land Cruiser gare ka, don Allah ka yi cikakkiyar, ɓarayi na son su sosai saboda suna riƙe daraja, wasu kamfanonin ma sai sun ga ka saka na'urar bin sawu kafin su yarda.

Ka kwafo lambar shasi da kanka, yawanci haruffa da lambobi 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba ko jikin ginshiƙin ƙofa. Ka faɗi ainihin samfurin da shekarar, don Corolla tun 1966 ake ƙera ta, iri-iri ce. In haya kake yi da ita ka faɗa, kar ka ɓoye, ranar biya za su bincika su ce ba ruwansu.

Inda aka fi shan wahala shi ne kayan gyara. Ka tambaye su ƙarara, orijinal za a saka ko kwaikwayo, kuma wane gareji? Motocin da ke da Toyota Safety Sense, wato tsarin na'urorin kare haɗari na Toyota wanda aka fara a 2015, suna da kyamara a bayan gilashin gaba, da yawansu kuma da rada mai gano abin da ke gaba a hancin motar, in gilashin ya fashe ba canji kawai ba ne sai an sake saita kyamarar, in ba haka ba birkin gaggawa zai iya yin kuskure, to a rubuta a takarda cewa kuɗin saitin na ciki.

Mai Prius kuma, wato haibirid mai aiki da fetur da lantarki, ya tambayi matsayin babban batirinta in an yi haɗari, da tukunyar tace hayaƙi ta jikin salansa da ɓarayi ke yankewa. Tsufan batir dai inshora ba ta biya.

Kafin ka sa hannu ka duba kason da za ka fara biya daga aljihunka duk lokacin da aka yi ɓarna, in ya yi yawa a rage shi ko da kuɗin shekara zai ɗan ƙaru.