Karatun Digiri Daga Nesa: Inda Ɗalibai Suka Fi Yin Tuntuɓe

Yajin aikin ASUU na wata 8 a 2022, da ƙarin kuɗin rajista da jami'o'in tarayya da dama suka yi a 2023, sun sa mutane da yawa komawa karatu ta intanet. Akwai sauƙi a ciki, amma kuɗi na zurarewa ta inda ba a zata ba.

Kuskure mafi tsada shi ne biyan kuɗi kafin bincike. Talla ta fito a WhatsApp, digiri cikin shekara ɗaya, babu jarrabawa, sai mutum ya tura kuɗi. A watan Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri daga Kwatano ta Jamhuriyar Benin cikin mako 6. Kafin ka biya ko sisi, duba shafin NUC, hukumar da ke kula da jami'o'in Najeriya: jami'ar tana cikin jerin waɗanda aka amince da su? An ba ta izinin koyarwa daga nesa? Kwas ɗin da kake so fa? Izinin jami'a daban, izinin kwas daban.

A Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN kuwa, wurin rajista aka fi kwan ciki. Ɗalibi zai biya ta Remita, wato manhajar biyan kuɗi ta intanet, kuɗin ya shiga asusunsa na shafin jami'a, ya ɗauka shi ke nan. Alhali da saura. Rajistar zango daban ce, ta kwasa-kwasai daban, ta jarrabawa ma daban. Wanda ya tsallake ta ƙarshe, ranar jarrabawa zai ga babu sunansa. Ka fitar da takardar kowacce ka adana, tare da lambar RRR, wato lambar biyan kuɗi da Remita ke bayarwa. Idan kuma a kafe na intanet aka yi maka, kada ka tashi sai ka karanta lambobin kwas ɗaya bayan ɗaya, sannan ka canza kalmar sirri.

Sai raina TMA, wato aikin da ake yi ta intanet a tsakiyar zango. Maki 30 ne cikin 100, jarrabawa 70. Mai jira sai daren rufewa yakan tarar shafin ya cunkushe, ya shiga jarrabawa da giɓin da zai yi wuya ya cike.

Wasu kuma suna zaton komai a waya ake gamawa. Jarrabawa galibi sai an je cibiyar karatu, don haka zaɓi wadda za ka iya zuwa, ka sa kuɗin mota cikin lissafi.

Data ma haka. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a 2025, kallon kowace lacca kai tsaye ya zama ɓarna. Sauke littattafan kwas, waɗanda NOUN ke sakawa kyauta a shafinta, ka karanta ba tare da data ba. Bidiyo kuma a rage shi zuwa 360p. Muryar malami ake nema, ba kyan fuskarsa ba.

Game da NELFUND, asusun lamunin karatu na gwamnatin tarayya, wanda ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun 2024: bashi ne, ba tallafi ba, ko da yake babu ruwa a kansa. Na ɗaliban makarantun gwamnati ne, kuma kuɗin makaranta kai tsaye yake zuwa asusun makarantar. Bambancin suna tsakanin NIN da BVN da JAMB yana iya kawo tsaiko. A gyara wannan tukuna, sannan a cike fom.