Darasi Na 7: Girkin Rana Ɗaya Da Zai Kai Sati, Ga Mai Ciwon Da Aka Hana Ma Wasu Abinci

Akwai wasu cututtuka da garkuwar jikin mutum, wadda aikinta shi ne yaƙi da ƙwayoyin cuta, sai ta juyo ta riƙa faɗa da jikin nasa. A cikinsu akwai lufus, da irin amosanin gaɓɓan nan mai kumbura yatsu su sandare da safe, da ciwon Hashimoto da ke taɓa maƙoshi, da siliyak wanda alkama ke tayar da shi a hanji. Mafi yawansu sun fi kama mata, shi ya sa darasin nan zan yi magana da ke ne 'yar uwa, amma maigida da ke cefane shi ma ya saurara.

Darasin nan kan yin girki a ajiye a firiza ne, abin da ya sa kuwa shi ne irin wannan ciwon yana da ranaku. Yau kin tashi garau, gobe ko murfin galan ba ki iya buɗewa, ga kasala kamar an zare miki laka, toh a irin ranar ce mutum ke cewa a miƙo min duk abin da aka dafa a gidan, sai ya ci abin da aka hana shi. Don haka ranar da jiki ya yi daɗi a ita za ki yi ma ranar ciwo tanadi.

Tukuna dai, wane abinci ake bari. Mai siliyak nata da sauƙin ganewa, alkama da sha'ir da duk abin da aka yi da fulawa, burodi, taliya, fanke, cincin, alkaki, ta bar su har abada. Amma gero da dawa da masara da shinkafa da acca duk tana ci, tuwonta da kununta na nan. Akwai kuma wani tsarin cin abinci mai tsanani na masu irin waɗannan cututtuka da ake kira AIP, shi kam sai an daure, don ana ajiye hatsi gaba ɗaya har gero da shinkafa, a ajiye wake da gyaɗa da waken suya da daddawa, a ajiye nono da kindirmo da ƙwai, da riɗi da agushi, sannan abin da ya fi ba mutanenmu wahala, tumatir da tattasai da attarugu da barkono da yalo da gauta da dankalin Turawa. Man gyaɗa ma babu, sai manja ko man kwakwa ko man zaitun. Bakatsiniya ta ji haka sai ta ce to mi ya rage kuma, ai an gama da ni. Da saura, za mu zo wurin.

Shi wannan tsarin na ɗan lokaci ne, galibi kwana 30 zuwa 90, daga nan a fara maido da abinci ɗaya bayan ɗaya, a ci guda a jira kwana 5 zuwa 7 a ga yadda jiki zai yi kafin a ƙara wani. Binciken da aka yi a kansa ƙanana ne, misali wanda aka fitar a Amurka a 2017 kan masu kumburin hanji mutum 15 ne kacal a ciki, 11 suka samu sauƙi sosai, kuma ba a ce su bar maganinsu ba. Ni a ganina duk wanda ya ce miki abinci kaɗai zai warkar da lufus ki zubar da magani, ki rabu da shi. Musamman prednisolone, tsayar da shi farat ɗaya haɗari ne babba. Kar ki fara sai kin yi shawara da likitanki, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina ko duk inda kike ganin likita. Mai ciki da mai goyo da ƙaramin yaro da wanda ya riga ya rame, wannan tsananin ba nasu ba ne.

Yanzu abin da ya rage. Dankalin Hausa, doya, rogo, gwaza, makani, kabewa, kuɓewa, karas, kabeji, albasa, tafarnuwa, citta, kurkum, kanumfari, ga ganye kuwa Allah ya hore mana, kuka, zogale, alayyahu, rama, yakuwa, lalo, karkashi. Nama, kaza, zabo, kifi, hanta duk ana ci. Aya ma ana ci don ita a ƙasa take yin 'ya'ya kamar dankali, kinga kunun aya da dabino da kwakwa ya halatta, a bar sukari dai. Dunƙulen magi ki ajiye shi, gishiri da albasa da romo mai kyau su za su riƙe miki miya.

Shawarar da na fi so ki riƙe a duk darasin nan ita ce kar ki tsaya dafa miya kala biyar ki daskarar, ki yi tushen miya guda biyu kawai. Na farko romo. Ki sa maigida ya samo ƙashin sa ko na rago a wurin mahauta, ko ki tara na layya in lokacin ne, ki zuba a babbar tukunya da albasa da citta da tafarnuwa da gishiri, wuta kaɗan-kaɗan ya yi ta dahuwa awa 4 ko fiye, kina kwashe kumfar da ke tasowa. Ki tace. Na biyu shi ne abin da zai tsaya a madadin jajjage. Ki fere kabewa mai ja sosai, ki haɗa da karas da albasa mai yawa ki dafa su yi luguf, ki niƙa, sai ki soya a manja har ruwan ya tsotse man ya taso sama, ki matsa lemun tsami ko ki sa ɗan ruwan zoɓo don ya ba da tsamin nan da tumatir ke badawa. Citta ki sake mata hannu, ita ce za ta ɗan yi miki yaji a baki. Gaskiya ba zai zama miyar dage-dage ba, satin farko za ki ji bambanci, amma baki na sabawa.

Niƙan nan a gida za ki yi shi, a bilenda ko turmi da aka wanke. In kin aika yaro inji, injin da ya gama niƙa tattasan maƙwabta ko alkamar wani shi zai niƙa naki, mai siliyak kuwa ɗan kaɗan ma ya isa ya tayar mata da ciwo. Haka ludayi da muciya da rariya, ki ware naki.

Da waɗannan biyun, ranar ciwo abin da za ki yi kaɗan ne. Ki ɗauko romo ɗaya ki tafasa ki kaɗa kuka, minti 5 an gama, ita kuka da busasshiyar kuɓewa da karkashi dama ba ruwansu da firiza, iyayenmu sun riga sun yi mana dabarar shanya. Ko ki haɗa romo da na kabewar ki zuba alayyahu ya zama taushe marar gyaɗa. Nama da kaza ki dafa su ki raba ƙulli-ƙulli. Ganye in ya yi araha ki gyara ki tsoma a tafasasshen ruwa minti 2, ki tsame ki sa a ruwan sanyi, ki matse ki dunƙula ki daskarar. Dankalin Hausa in an dafa an murƙushe yana daskarewa lafiya. Tuwon alabo da sakwara kam sun fi daɗi a yi su sabo, in sun kwana firiza sai su yi ruwa-ruwa su farfashe.

Sai batun zafi da wuta, kuma nan ne ya kamata a nutsu, don masu shan irin su prednisolone da methotrexate garkuwarsu an rage mata ƙarfi, abincin da zai ba wani ɗan ciwon ciki su sai ya kwantar da su. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abinci tsakanin digiri 5 zuwa 60 na ma'aunin zafi. Ƙa'ida ita ce dafaffen abinci kar ya wuce awa 2 a waje, in kuma zafin gari ya haura digiri 32 to awa 1 ne, mu kuwa a Katsina da Daura watan Afrilu da Mayu ana kai 40. Don haka tukunyar romo ba za a bar ta a madafa ta huce da kanta har la'asar ba. Ki rarraba a ƙananan kwanoni marasa zurfi, ki jera su cikin baho mai ruwan sanyi, in da ƙanƙara ki jefa, kina juyawa, da ya daina tururi ki ɗure. Kar kuma ki cusa tukunya da zafinta cikin firiza, za ta narkar da na kusa da ita.

Kowane ƙulli ya zama na ci ɗaya. Leda mai zif ta fi, ki zuba ki fitar da iska ki kwantar da ita ta yi faɗi kamar littafi, ta fi saurin daskarewa ta fi saurin narkewa kuma ba ta cin wuri. In roba mai murfi ce ki bar sarari kamar faɗin yatsu biyu a sama, saboda ruwa in ya zama ƙanƙara ƙaruwa yake ya tsage robar.

Firiza mai aiki daidai tana kan digiri 18 ƙasa da sifiri. In an ɗauke wuta kuma ba a buɗe ta ba, cikakkiya tana riƙe sanyi kusan awa 48, mai rabi kusan awa 24, firij kuwa awa 4 ne kawai. Kinga amfanin cike gurbin da ya rage da fiya wata, su daskare su riƙe sanyin. Matsalar ita ce yara, kowane minti a buɗe a ɗauki ruwan sanyi, in da hali ki sa kwaɗo, ruwan sha a sa a kula daban. Ga wata dabara, ki daskarar da ruwa a ƙaramin kofi ki ɗora ɗan tsakuwa a kan ƙanƙarar ki bar shi a ciki. Kin je biki Daura kin kwana biyu kin dawo kin tarar komai a daskare, ki duba kofin, in tsakuwar na sama lafiya lau, in ta nutse ƙasa to abincin ya narke ya sake daskarewa ba ki nan. Wanda ya narke sarai ya ɗumama a zubar, na san da ciwo a wannan tsadar, amma kuɗin asibiti ya fi. Wanda har yanzu da ƙanƙara a jikinsa ana iya maida shi. Kuma kar ki dogara da shinshinawa, abinci na iya ɓaci ba wari.

Wadda unguwarsu wuta ba ta zama, kar ta yi na wata guda, ta yi na kwana 3 ko 4 ta fi dogara da busassun kaya da bandar kifi. Wasu kan ajiye a firizar 'yar uwa mai sola, wannan ma hanya ce in akwai amana da fahimta. In wuta na zama, miya da romo suna kai wata 2 zuwa 3 da daɗinsu.

Wajen narkarwa, ki sa a firij tun dare, ko ki juye shi da ƙanƙararsa cikin tukunya kai tsaye, kar a shanya a rana. Ya tafasa sosai har tsakiya kina juyawa, ɗumi-ɗumi bai isa ba. Abin da aka ɗumama sau ɗaya ba a maida shi firiza.

A nan iya karatu da rubutunmu zai yi aiki. Romo da ruwan zoɓo da miyar gidan mai attarugu in sun daskare duk kama suke, don haka kowace leda a manna mata farin selotef a rubuta da maka, sunan abinci da kwanan wata da sunan mai shi, kamar haka: ROMO, 12 ga Maris, na Inna. Wanda ya fi daɗewa a sa shi sama a fara cinye shi. Ki samu ƙaramin littafi kuma ki riƙa rubuta abin da kika ci da yadda kika kwana, shi za ki nuna ma likita lokacin maido da abinci.

Aikin gida: ki rubuta sunan abinci 5 da ake ci da 5 da ake bari a tsarin AIP. Ki yanka takarda 3 ki rubuta musu suna da kwanan wata kamar za ki manna a leda. Sannan ki yi wannan lissafin, in romo leda 14 kika ƙulla kina cin 2 a rana, kwana nawa zai yi miki, kuma in ranar Asabar kika fara ci wace rana za ki sake ɗora tukunya.