Babi na Tara: Juyin Lamba da Amfaninsa

Kowace lamba, in ban da sifiri, tana da wata lamba wadda idan aka ninka su da juna amsar za ta zama 1. Ita ce muke kira juyin lambar. Duk wanda ya taɓa auna rabin mudu sau biyu ya ga mudu ya cika, ya riga ya san wannan tun kafin ya shigo aji: 1/2 sau 2 ɗaya ne, saboda haka juyin 1/2 shi ne 2, juyin 2 kuma shi ne 1/2.

Samun juyin ɓangare ba shi da wuya, domin lambar sama ce za ta sauko ƙasa, ta ƙasa kuma ta hau sama. Juyin 3/4 shi ne 4/3, kuma idan aka ninka su za a sami 12/12, wato 1. Cikakkiyar lamba kamar 5 kuwa, sai a rubuta ta 5/1 tukuna, sannan a juya ta koma 1/5.

Amfanin juyi ya fi fitowa a wajen rabawa. A ce tela yana da yadi 6, kuma kowane wandon yaro yana cin 3/4 na yadi. Wando nawa zai fitar? Maimakon ya yi ta aunawa yana sa alama da alli, sai ya juya 3/4 ya koma 4/3, ya ninka da 6, ya sami 24/3, wato wando 8. Amsar ta fi 6 yawa, kuma a nan ɗalibai da yawa kan ɗauka sun yi kuskure, alhali daidai ne, tunda wando ɗaya bai kai ya cinye yadi guda ba.

Haka abin yake a rabon gado. Idan mamaci ya bar 'ya'ya da mata ɗaya, rabonta sumuni ne, wato 1/8. Idan sumunin ya kama naira 50,000, sai a ninka da 8, wanda shi ne juyin 1/8, a gane cewa dukiyar da aka raba bayan biyan bashi da wasiyya naira 400,000 ce.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne lamba irin 2 1/2. Ba rabin kaɗai ake juyawa a bar 2 a tsaye ba. Dole a fara mayar da ita rabi-rabi biyar, wato 5/2, sannan a juya ta zama 2/5. Sifiri kuwa ba shi da juyi, domin ko da wace lamba aka ninka shi, sifiri zai bayar. Juyin 1 shi ne 1.

Aikin yi: Ku nemo juyin 7, da 2/3, da 1 1/4, ku ninka kowace lamba da juyinta ku tabbatar an sami 1. Sannan ku lissafa kwalba nawa mai cin 3/4 na lita za a cika da lita 9 na man gyaɗa.