Yadda ake toshe ƙofofin da masu kutse ke bi su shiga wayarka

A watan Mayun 2021 kamfanin Colonial Pipeline ya rufe bututun man da ke ɗaukar kusan kashi 45 cikin 100 na man da ake sha a gabashin Amurka. Kwana biyar manyan bututun suna rufe, gidajen mai suka ƙafe, kamfanin kuma ya biya masu kutse kuɗin fansa kimanin dala miliyan 4.4. Da aka bi sawu sai aka tarar ɓarayin ta wani tsohon asusu suka shiga, da kalmar sirri guda ɗaya da ta riga ta fita waje, babu wani mataki na biyu da zai tare su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar nan kuwa yawanci a aljihun mutum ɗaya take, ko soja ne, ko ma'aikacin gwamnati, ko ɗan jarida, ko wanda kawai yake da lambar wani babba a wayarsa. Aikin da ke ƙasa ba ya buƙatar ilimin kwamfuta. Ka ware yammaci ɗaya, ka sa waya a caji, ka ajiye takarda da biro kusa, ka bi shi yadda na jera, domin jerin ma da dalilinsa.

Mataki na 1: fara da imel

Mutane kan fara da Facebook ko manhajar banki, su bar imel sai ƙarshe. Kuskure ne. Duk asusun da ka manta kalmar sirrinsa, imel ɗinka ake tura wa hanyar sake wata. Wanda ya riƙe imel ya riƙe mabuɗin sauran ɗakunan.

Buɗe shafin Have I Been Pwned, wanda Troy Hunt ya kafa a 2013, ka rubuta adireshin imel ɗinka. Zai nuna maka kamfanonin da aka taɓa sace bayanansu da naka a ciki. In ka ga sunan wani shafi, to kalmar sirrin da ka sa a can ta mutu, a can da duk inda ka maimaita ta.

Sannan ka sauya ta imel ɗin. Tsawo ya fi ƙawa amfani: haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna, waɗanda ba sunan ɗanka ba ne, ba shekarar haihuwarka ba, ba lambar motarka ba. Kada wannan kalma ta sake fitowa a ko'ina. Sauran asusun kuma ka bar wa manhajar ajiyar kalmomin sirri ta ƙirƙira ta adana, ko wadda ke cikin Google da iPhone, ko irin su Bitwarden. Ba wanda kansa zai riƙe kalmomi talatin mabambanta, shi ya sa ake maimaitawa, maimaitawar kuwa ita ɓarawo ke jira.

Kafin ka fita, duba abu biyu a saitin imel ɗin: lambar waya da imel na ko-ta-kwana da aka ajiye don dawo da asusu, ka tabbata naka ne kuma suna aiki, sai kuma sashen tura saƙo kai tsaye zuwa wani adireshi. Mai kutse da ya taɓa shiga yakan bar wannan a kunne, ya ci gaba da karanta wasiƙunka ko bayan ka sauya kalmar sirri.

Mataki na 2: ƙara makulli na biyu

Kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato a nemi wata shaida bayan kalmar sirri, a imel, sannan a kowane asusu da kake jin zafin rasa shi. Za a ba ka zaɓi. Lambar da ake turowa ta tes ta fi babu, amma ita ce mafi rauni. A watan Agustan 2019 aka ƙwace shafin Jack Dorsey, shugaban Twitter na lokacin, a kan dandalinsa, ta hanyar mayar da layinsa kan wani sim. In layinka ya koma hannun wani, lambobin ma can za su tafi. Don haka zaɓi manhajar da ke fitar da lamba a cikin wayar kanta, irin Google Authenticator ko Microsoft Authenticator, wadda lambarta ke sauyawa duk daƙiƙa 30. Inda aka ba ka damar shiga da zanen yatsa ko fuska a madadin kalmar sirri, karɓi wannan, domin shafin bogi ba ya iya karɓe shi daga hannunka.

Za a nuna maka wasu lambobin ko-ta-kwana. Ga amfanin takarda da biro. Rubuta su da hannu ka ajiye inda kake ajiye takardunka masu muhimmanci. Kada ka ɗauki hotonsu ka bari a wayar da kake tsoron a sace.

Mataki na 3: sim da WhatsApp

Sa wa sim ɗinka lambar sirri, don in an zare shi aka sa a wata waya ya ƙi buɗewa. A yi hattara: kuskure uku yana kulle shi sai da lambar PUK, wato lambar buɗe sim da kamfanin layi ke bayarwa, ita kuma kuskure goma yana kashe sim ɗin gaba ɗaya. In ba ka san lambar asali ba, tambayi kamfanin layinka, kada ka yi ta canka.

A WhatsApp, shiga saiti, sashen asusu, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Zai nemi lamba shida da kai za ka zaɓa, da imel. Sa imel ɗin da ka gama gyarawa.

Na ga yadda rashin wannan ke ƙarewa a gaban idona. Wani abokin aikina na zaune kusa da ni aka kira shi. Mai kiran ya ambaci sunansa cikakke, ya ambaci guruf ɗin da suke tare, ya ce za a yi taro ta intanet da dare, an turo masa lambar shiga, ya karanto ta a sa sunansa. Ina jin sa yana karantawa, ɗaya bayan ɗaya, har shida. Kafin ya ajiye wayar WhatsApp ɗinsa ya fita. Cikin rabin awa an tura wa yayarsa saƙo da sunansa ana neman kuɗi cikin gaggawa, an kuma fara kiran sauran 'yan guruf ɗin da irin wannan zance. Mutum ne mai hankali da natsuwa. Abin da ya ci shi, mai kiran ya san abin da baƙo bai kamata ya sani ba, domin ya riga ya cinye asusun wani a cikinsu. Da ɗan gari akan ci gari. Lambar da ta shigo wayarka ta tes, babu wani mahaluƙi da ke da hurumin jin ta, ko ya ce daga banki yake, ko daga ofis, ko daga WhatsApp ɗin kansa.

Sai ka buɗe sashen na'urorin da aka haɗa da asusunka, a WhatsApp da Telegram da Signal. Duk kwamfuta ko wayar da ba ka gane ba, fitar da ita. Wannan ƙofa ba ta ƙananan ɓarayi kaɗai ba ce. A watan Fabrairun 2025 masu bincike na Google suka bayyana yadda masu kutse da ke da alaƙa da Rasha ke tura wa sojojin Yukiren lambar QR ta bogi da sunan gayyatar shiga guruf a Signal. Wanda ya ɗauka da kyamararsa ya haɗa asusunsa da na'urar abokan gaba, kowane saƙo ya shigo sai ya isa wuri biyu. Ba su fasa Signal ba, mai wayar ne ya buɗe musu.

Mataki na 4: sabunta komai

Wannan gajere ne. Kunna sabuntawa ta kai tsaye ga waya, kwamfuta da manhajoji. Cutar kwamfuta mai suna WannaCry da ta bazu a ƙasashe kusan 150 ranar 12 ga Mayun 2017, har asibitocin Ingila suka soke ganin marasa lafiya kimanin 19,000, ta bi ta wata kafa ce da Microsoft ya riga ya fitar da maganinta tun watan Maris. Wata biyu maganin na ajiye ba a sha ba. In wayarka ta tsufa har kamfaninta ya daina turo mata gyara, kada ka ɗora mata aikin ofis ko na banki. Goge kuma duk manhajar da ka yi wata uku ba ka taɓa ba, da duk wadda aka turo maka a matsayin fayil ba daga shagon Google ko na Apple ba.

Mataki na 5: hana wayar faɗin inda kake

A nan nake so masu kaki da iyalansu su tsaya su karanta da kyau. A ƙarshen 2017 manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa taswirar duniya mai nuna hanyoyin da masu amfani da ita ke gudu. A watan Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya, Nathan Ruser, ya lura da wasu zare-zaren haske a tsakiyar duhun hamadar Siriya da Afganistan. Sojoji ne ke zagaye sansanoninsu da safe da agogo a hannu, sawunsu ya zana iyakar sansanin da hanyoyin da suke bi. Ba wanda ya yi kutse, ba wanda ya ci amana. Saiti ne kawai aka bari a kunne. A watan Agustan 2018 ma'aikatar tsaron Amurka ta hana dakarunta da ke fagen aiki amfani da irin waɗannan na'urori masu nuna wuri.

Shiga sashen izini a saitin wayarka, ka bi wuri, makirfo, kyamara da lambobin mutane ɗaya bayan ɗaya. Tambayar guda ce: me wannan manhaja za ta yi da shi? Tocila ba ta da abin yi da lambobin abokanka. Wadda take buƙatar wuri da gaske, ba ta izini na lokacin da kake amfani da ita kawai. A kyamara, kashe liƙa wuri a jikin hoto. Ka kuma tuna hoto na magana ko ba wannan: lambar mota, allon ofis, tsaunin da ke baya, duk suna faɗin inda aka tsaya. Uwa ko mata da ta sa hoton ɗanta ko mijinta cikin alfahari tana cewa gobe za su tashi zuwa wuri kaza, ta ba da labarin da wani ke biyan kuɗi ya samu.

Mataki na 6: sauya yadda hannunka ke taɓa saƙo

A watan Maris na 2016 John Podesta, shugaban yaƙin neman zaɓen Hillary Clinton, ya sami imel mai kama da na Google, wai wani ya sami kalmar sirrinsa, ya gaggauta sauyawa. Aka latsa, aka rubuta, dubban wasiƙunsa suka bayyana a WikiLeaks ana saura wata guda zaɓe. Alamar irin wannan saƙo ita ce gaggawa da tsoratarwa. Ƙa'idar da nake bi: ba na shiga asusu ta mahaɗin da aka turo mini. In an ce akwai matsala, sai in rufe saƙon, in buɗe manhajar da kaina in duba. In wani na sani ya nemi kuɗi ko takarda ta saƙo, sai in kira shi a lambar da nake da ita tun da. Yanzu da ake kwaikwayon murya da ƙirƙirarriyar basira, yana da kyau ku yi wata kalma ta sirri tsakaninku da iyali, wadda ba a taɓa rubuta ta a waya ba.

Kafin ka tura magana mai nauyi a guruf, buɗe jerin mambobi ka karanta. A watan Maris na 2025 aka saka Jeffrey Goldberg, babban editan mujallar The Atlantic, bisa kuskure cikin wani guruf na Signal inda manyan jami'an tsaron Amurka ke tattauna harin da za a kai wa 'yan Huthi a Yaman, ya ga lokutan harin kafin a kai shi. Manhajar ta ɓoye saƙon daga na waje yadda ya kamata, amma ba ta san wanda bai dace ya zauna a ciki ba. Sirrin aiki kuwa, hanyar da hukumarka ta tanada ita ce wurinsa.

Mataki na 7: in aikinka na jawo ido

Akwai manhajojin leƙen asiri da ba sa jiran ka latsa komai. A 2019 aka yi amfani da Pegasus, na kamfanin NSO Group na Isra'ila, a kan masu WhatsApp kimanin 1,400 ta hanyar kira kawai, ko ba a ɗaga ba. Yawancin mutane ba za a kashe irin wannan kuɗi a kansu ba. Amma ɗan jarida mai bincike, lauya, jami'in tsaro ko na diflomasiyya ya kunna saitin tsaro mai tsanani, wato Lockdown Mode in iPhone gare shi, wanda Apple ya fito da shi a 2022, ko Advanced Protection na Google. Ya riƙa kashe wayar yana kunnawa aƙalla sau ɗaya a mako, ya kuma raba wayar aiki da ta gida. In Apple ko Google ya aiko da gargaɗin cewa ana farautarka, cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto da sashen fasaha na Amnesty International sun saba binciken irin wannan.

In an riga an shiga

Kada kunya ta sa ka yi shiru, awar farko ita ce mai tsada. In layinka ne ya ɗauke haka kawai alhali na kusa da kai na da sabis, nemi wata waya ka kira kamfanin layin da bankinka nan take a dakatar da komai. In WhatsApp ne, sake rajista da lambarka. Da ka sa lamba shidan da za a turo, an fitar da ɓarawon. In ya riga ya sa tasa lambar sirrin ta mataki biyu, za ka iya jiran kwana 7 kafin ka shiga, amma shi ma yana waje. Daga wata na'ura mai tsabta ka sauya kalmar sirrin imel, ka fitar da duk na'urorin da ke ciki, sannan ka bi sauran asusun. Sanar da 'yan uwa da kowane guruf ta kira ko tes cewa kada su amsa saƙo da sunanka. In akwai abin ofis a wayar, gaya wa mai kula da tsaron bayanai na wurin aikinka a ranar, kuma kada ka goge komai kafin ya duba, domin sawun da ɓarawon ya bari shi za a bi a gano ko ya taɓa wasu.