Yadda Jami'a Za Ta Riƙe Tallafin Bincike Na Gwamnati Bisa Ƙa'ida

Kuɗin da gwamnati ke bai wa jami'a domin binciken kimiyya ko koyar da ita dukiyar jama'a ce da aka damƙa amana bisa sharuɗɗa, kuma da sunan jami'a ake bayar da shi, ko da kuwa malami guda ne ya kwana ya tashi yana rubuta takardar nema. Saboda haka idan aka kashe kuɗin ba bisa ƙa'ida ba, jami'a ce za a tilasta wa ta mayar. Kiyaye sharuɗɗan nan aiki ne da ke farawa ranar da takardar amincewa ta iso, domin abin da ba a rubuta shi a lokacin da ya faru ba, da wuya a iya kare shi bayan shekara uku a gaban masu binciken kuɗi.

Da zarar takardar ta zo, a haɗa jagoran binciken da ofishin kula da tallafi da ofishin kuɗi wuri ɗaya, su karanta yarjejeniyar daga farko har ƙarshe, har da dokokin da ta yi nuni da su. A wannan zama za a fitar da ranar fara aiki da ranar rufewa, da wa'adin kowane rahoto, da abubuwan da sai an nemi izini kafin a yi su. Daga nan a buɗe wa tallafin lambar asusu tasa a littafin kuɗin jami'a, kada ya cakuɗu da wani.

Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne kashe kuɗi. Dokar tallafin gwamnatin tarayyar Amurka, wadda ta fara aiki a Disamba 2014 kuma aka yi mata gyara a 2024, ta shimfiɗa ma'auni da zai amfani kowace jami'a ko a ina take. Kafin a ɗora wani kuɗi a kan tallafi, sai ya zama ƙa'ida ta halatta shi, farashinsa ya zama wanda mai hankali zai biya, ya zama aikin ne ya amfana da shi, sannan jami'a tana lissafa irinsa ta hanya ɗaya a ko'ina. Sharaɗi na uku ne ya fi wahalar da malamai. Idan aka sayi sinadaran da ayyuka biyu za su yi amfani da su a ɗakin gwaje-gwaje ɗaya, dole a raba kuɗin gwargwadon amfanin kowane aiki, a kuma rubuta yadda aka yi rabon. Idan kuɗin wani aiki ya ƙare, ba ya halatta a kwashe ragowar bashinsa a ɗora wa wani tallafin don kawai shi yana da saura. Masu yin haka sukan ce ai duk bincike ne, kuma niyyarsu kan kasance mai kyau, amma gwamnati ta biya ne domin aiki takamaimai. Haka ma sayen babbar na'ura saura mako biyu a rufe aiki yakan jawo tambaya, domin sai an nuna yadda aikin ya ci moriyarta.

Albashi da alawus sukan cinye kaso mafi girma na kasafin, don haka su ne masu binciken kuɗi ke fara dubawa. Idan an rubuta cewa malama za ta ba aikin kashi 20 cikin 100 na lokacinta, sai a sami shaidar da ke nuna hakan ta faru. Horizon Europe, shirin ba da tallafin bincike na Tarayyar Turai, wanda ke gudana daga 2021 zuwa 2027, yana neman a ajiye bayanin ranakun da kowane ma'aikaci ya yi wa aikin, da sa hannunsa da na shugabansa. A riƙa cike wannan takarda wata-wata, saboda wadda aka zauna aka cike a rana ɗaya a ƙarshen shekara ba ta ɓoyuwa ga wanda ya san aikinsa.

Akwai kuma kuɗin gudanarwa, wato kason da jami'a ke ɗauka domin wutar lantarki da gine-gine da ɗakin karatu da ma'aikatan ofis. Horizon Europe na biyan kashi 25 cikin 100, yayin da a Amurka jami'o'i kan sasanta nasu kason da gwamnati. Abin kiyayewa shi ne kada a caji abu ɗaya sau biyu, a nan da kuma cikin kuɗin aikin kai tsaye.

Waɗanda suka karɓi tallafin koyar da kimiyya su lura da kuɗin da aka ware wa mahalarta, kamar alawus da kuɗin tafiyar ɗalibai ko malaman makarantu da ake horarwa. Hukumar kimiyya ta Amurka, NSF, ba ta yarda a karkatar da shi zuwa wata hidima sai da izininta a rubuce, kuma a ganina wannan sharaɗi ne mai adalci, tunda domin waɗannan ɗalibai aka nemi kuɗin tun asali. Irin wannan izini ake nema idan za a sauya manufar aikin, ko jagoransa, ko kuma jagoran zai rabu da aikin fiye da wata uku. Izinin baki ta wayar tarho ba hujja ba ne. Idan lokaci ya ƙure, a dokar Amurka ana iya neman ƙarin wa'adi har zuwa wata 12 ba tare da ƙarin kuɗi ba, amma dalilin ya zama kammala aikin, domin son cinye ragowar kuɗi ba dalili ba ne da ake karɓa.

Binciken da ya shafi mutane ko dabbobi ba ya farawa sai kwamitin ɗa'a ya amince, kuma idan an ba wata cibiya wani ɓangare na aikin, sa ido a kanta na wuyan jami'ar da ta karɓi kuɗin.

Gaskiyar sakamako ma na cikin sharuɗɗan. A 2019 Jami'ar Duke ta Amurka ta amince ta biya gwamnati dala miliyan 112.5 kan zargin cewa an yi amfani da bayanan bincike na ƙarya wajen neman tallafi da rubuta rahotanni. Jagoran da ke sa hannu a rahoto ya duba ainihin bayanan da ɗalibai da ma'aikatansa suka tattara, kada ya tsaya ga taƙaitaccen jadawalin da aka miƙo masa.

Shirin rufewa ya fara tun saura wata uku. A biya basussukan da ke ƙasa, a karɓi lissafin abokan aiki, a ƙirga na'urorin da aka saya a rubuta inda kowacce take, a kuma sanar da hukumar da ta ba da tallafin duk wata ƙirƙira da aikin ya haifar. Dokar Amurka ta ba da kwana 120 bayan ƙarewar aiki domin miƙa rahotannin ƙarshe, ta kuma wajabta ajiye takardu shekara uku daga ranar miƙa rahoton kuɗi, Horizon Europe kuwa shekara biyar yake nema ga yawancin ayyuka. Malamai kan canza wurin aiki, ɗalibai kan kammala su tafi, don haka rasit da takardun izini da bayanan lokacin aiki su zauna a hannun ofishin kula da tallafi, da kwafi a kwamfutar jami'a, har wa'adin ajiyar ya cika.