Yadda za ka bi aikin Cillian Murphy idan koyon wasa kake so

Matasanmu da yawa sun san fuskar Cillian Murphy ba tare da sun san sunansa ba. Tommy Shelby suke ce masa, mai hular nan ta shirin talabijin na Peaky Blinders da ake ɗora hotonsa a Facebook da WhatsApp. Ina koya wa matasa wasan dandamali a wata ƙaramar ƙungiya ta unguwarmu, kuma duk wanda ya zo mini da tafiyar Shelby da kallon ƙasan ido, sai in ce masa ya kama akuya ta wutsiya. Mutumin nan ya shekara 17 a sana'ar kafin ya sa wannan hula. Idan da gaske koyo kake so, bi aikinsa daki-daki kamar yadda ya zo.

Fara da Cork, birnin da ke kudancin Ailan, inda aka haife shi a 1976. Mahaifiyarsa malamar Faransanci ce, mahaifinsa ma'aikacin ilimi. Kiɗa ya fara so. Ya shiga jami'ar Cork karatun lauya, bai kammala ba, kuma bai taɓa zama a makarantar koyon wasa ba. A 1996 wata ƙaramar ƙungiyar dandamali ta garinsu mai suna Corcadorca ta ɗauke shi a wasan Disco Pigs na Enda Walsh. 'Yan wasa biyu ne kacal, shi da Eileen Walsh, a matsayin yaro da yarinya 'yan shekara 17 da aka haifa rana ɗaya, masu magana da wani yare da suka ƙirƙira wa kansu. 'Yan makonni aka yi niyyar nunawa a Cork, sai wasan ya karɓu, suka shafe fiye da shekara suna yawo da shi, daga Dublin zuwa Edinburgh da Landan, har Kanada da Ostareliya.

Wannan yawon shi ne makarantarsa, kuma irin makarantar da kai ma za ka iya buɗe wa kanka ce ba tare da ko kwabo ba. Wasan mutum biyu ba shi da maɓoya. Da ka daina sauraron abokin wasanka na ɗan lokaci, 'yan kallo za su gane, su fara tari da duba waya. Saboda haka ka nemi aboki ɗaya mai riƙe alkawari, ku zaɓi fitowa ta minti goma, ku haddace ta, sannan ku nuna ta a gaban mutane iri-iri: yau ɗaliban sakandare, gobe abokanku na majalisa, jibi dattawan gida. Kada ku canja kalma ko ɗaya. Abin da za ku riƙa lura da shi shi ne inda suka yi tsit da inda hankalinsu ya gudu, ku gyara numfashi da saurin magana daidai da haka.

An mayar da Disco Pigs fim a 2001, Kirsten Sheridan ta ba da umarni. Ka neme shi, domin zai ba ka mamaki. Murphy na can mai ihu ne, mai tsalle, jikinsa ba ya zama wuri ɗaya. Shirun da kake sha'awa a fuskarsa yau, wanda ya iya hayaniya ne ya yi ta rage ta shekara da shekaru. Wanda ya fara da shiru tun ranar farko, yawanci ba abin da ke cikin shirun nasa, kuma kyamara ba ta rufa wa kowa asiri.

Shekarun da suka biyo baya ba sai ka daɗe a kansu ba. Fim ɗin 28 Days Later na Danny Boyle ya fito da shi duniya a 2002. Ya je gwajin zama Batman a wajen Christopher Nolan, bai samu ba, amma wasan da ya yi a gwajin ya sa Nolan ya ba shi matsayin mugun likitan nan Crane a Batman Begins na 2005. Abin da nake so ka riƙe shi ne, a tsakanin waɗannan biyun, a 2004, ya koma gida ya hau dandamali tare da ƙungiyar Druid ta Galway, a tsohon wasan J. M. Synge, The Playboy of the Western World, ƙarƙashin darakta Garry Hynes. Sunansa ya riga ya fara tashi a sinima, duk da haka ya koma yin bita a ɗaki da maimaita wasa kowane dare.

Inda za ka zauna sosai shi ne The Wind That Shakes the Barley na Ken Loach, wanda ya ci babbar kyautar bikin Cannes a 2006. A ƙauyukan Cork aka ɗauke shi, da harshen da Murphy ya tashi da shi. Ya fito a matsayin Damien, sabon likita da ke shirin tafiya Landan a 1920, sai zaluncin sojojin Birtaniya ya sa ya shiga yaƙin neman 'yanci. Loach yana ɗaukar fim bi da bi yadda labarin yake tafiya, kuma ba ya ba 'yan wasa rubutun gaba ɗaya, don haka sau da yawa firgicin da ka gani a fuska na gaske ne.

Kalle shi sau uku. Na farko don labari, ka bari ya taɓa ka. Na biyu ka kashe sauti gaba ɗaya. Na uku ka mayar da sautin, amma idonka ya tsaya a kan Murphy a lokacin da wani ne ke magana. Ka fi mayar da hankali kan fitowar da aka umarci Damien ya harbe Chris, yaron da ya sani tun yana ƙarami, saboda ya tona asirin abokan gwagwarmayarsu. A kan tudu ne, ga iska. Duba yadda yake tafiya zuwa wurin kamar ƙafafun ba nasa ba, yadda yake yi wa yaron magana a hankali, da yadda ya juya ya tafi bayan harbin bai jira kowa ba. Babu ɗaga hannu sama, babu birgima. Ni a ganina wannan fitowa ta fi duk abin da ya yi da hular Shelby, kuma ita nake fara nuna wa wanda yake zaton baƙin ciki a wasa sai da kururuwa.

A 2011 ya sake komawa wajen Enda Walsh, suka yi Misterman a bikin fasaha na Galway, daga nan New York da Landan. Shi kaɗai ne a dandamali kusan awa ɗaya da rabi, yana Thomas Magill, mutumin da hankalinsa ya taɓu, yana muhawara da muryoyin da ke fitowa daga tsofaffin rikodoji, yana kuma kwaikwayon mutanen garinsu ɗaya bayan ɗaya. Ya samu kyautar Drama Desk, ta wasan dandamali a New York, a kai. Wasan dandamali yana ƙarewa da daren da aka yi shi, amma aikin da ke ciki za ka iya gwadawa. Naɗi muryar abokinka a waya yana faɗin nasa ɓangaren, ya bar gurbin amsarka, sannan ka yi wasa da naɗin. Waya ba ta jiran kowa. Nan za ka gane ko ka san lokacin shiga magana ko dogara kake da abokin wasa ya rufa maka.

Yanzu ne ya kamata ka koma wa Peaky Blinders, wanda aka nuna daga 2013 zuwa 2022 a zango shida. Ka saurari muryar kafin ka kalli kwat. Bakin mutanen Birmingham ta Ingila ne, ba nasa ba, koya ya yi, ya kuma saukar da muryar ƙasa da yadda yake magana a hira. Saurari hirarsa guda ɗaya, sannan ka saurari Shelby, za ka ji nisan da ke tsakani. Ina kuma roƙon ƙannena masu kwaikwayonsa da sigari a baki su sani cewa ta ganye ce marar nikotin yake zuƙa a wajen ɗauka. Kada ka ɗauko wa ƙirjinka cuta da sunan koyon wasa.

A Dunkirk na 2017 ko suna ba a ba shi ba, soja ne da aka tsamo daga teku yana makyarkyata. 'Yan mintuna ne rabonsa. Kalli fuskarsa a lokacin da ya gane cewa jirgin ruwan da ya cece shi bakin yaƙin ya nufa. Wanda yake raina ƙaramin matsayi ya kalli wannan. Sai a 2023, a fim na shida da suka yi tare, Nolan ya ba shi matsayin babban jarumi a Oppenheimer, labarin masanin da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya na farko, kuma a 2024 ya zama ɗan wasa na farko haifaffen Ailan da ya ci Oscar ta gwarzon jarumi. A ciki nemi fitowar da yake jawabi ga ma'aikatan Los Alamos, inda aka ƙera bam ɗin, bayan an jefa bam a Hiroshima. Bakinsa yana furta kalaman nasara, jama'a na buga ƙafa suna sowa, idanunsa kuwa na mutumin da ya ga gawarwaki ne. Gwada wannan a gaban madubi: ka taya wani murna da baki alhali zuciyarka na tuna wani rashi da ka taɓa yi. Kada ka yamutsa fuska, ka bar tunanin ya yi aikinsa.

Bayan Oppenheimer, fim ɗin da ya biyo baya ƙarami ne na gida, Small Things Like These, daga littafin Claire Keegan. Bill Furlong mai sayar da kwal ne a garin New Ross a 1985, ya gano yadda ake azabtar da 'yan mata a gidan wanki na coci, irin gidajen da sai a 1996 aka rufe na ƙarshensu. Kalli hannayensa kawai, yadda yake goge baƙin kwal da buroshi a bakin famfo duk sanda ya dawo gida, yana ƙara ƙarfin gugar yayin da abin ke cinsa. Matarsa a fim ɗin ita ce Eileen Walsh, abokiyar wasansa ta 1996.

Kafin ka zauna kallo, ka sani finafinan Turawa ne, wasunsu akwai tsiraici da giya da zubar da jini, musamman 28 Days Later da Oppenheimer da Peaky Blinders. Kada ka kunna su a gaban yara ko iyaye, kuma ba sai ka kalli komai ba, fitowar da na ambata ta wadatar. Bakin mutanen Cork yana da wuyar ji ko ga wanda ya iya Turanci, don haka ka kunna rubutun ƙasan allo a kallon farko. Duk fitowar da ka nazarta, ka rubuta irinta da Hausa, da mutanen da ka sani da matsalar da ka sani, ka jingina waya a kan kujera daidai tsayin fuskarka ka ɗauki kanka. Ka bari ya kwana kafin ka duba, kuma ka duba shi ba sauti tukuna. Idan ba a gane abin da ke damun mutumin da ke cikin hoton ba sai an ji maganarsa, sake ɗauka.