Yadda ake gyara garejin gida ya tsare mota, kaya da mutanen gida

A yawancin gidajen Kano, Kaduna, Sakkwato ko Maraɗi, garejin gida ba mota kaɗai yake ɗauka ba. Nan janareta yake, nan jarkar fetur take, ga babur, ga buhunan masarar da aka saya da kaka, ga ragowar siminti da fenti. Da yawan masu gida idan sun tashi gyara, ƙofa suke sauyawa su tsaya nan. Ƙofa tana da muhimmanci, amma ruwa da iska da wuta sun riga ta a layi, domin su ne ke lalata dukiya a hankali, kuma su ne ke cin rai.

A fara da awo

Toyota Corolla tana da tsawon kusan mita 4.6 da faɗin kusan mita 1.8. Hilux mai ƙofa huɗu tana kai mita 5.3. Gareji mai faɗin mita 3 da tsawon mita 6 zai ɗauki mota guda, sai dai direba zai riƙa fita a karkace. Idan ana son kanta a gefe, faɗin ya kai mita 3.6. Bakin ƙofa kada ya gaza mita 2.7 a faɗi da mita 2.3 a tsayi, saboda madubin gefe da kayan da ake ɗaurawa a saman mota. A shigar da motar, a buɗe ƙofofinta da but ɗinta, a zana layi da alli a ƙasa. Abin da ya rage a wajen layin shi ne wurin ajiya, ba ƙari.

Daɓe da ruwan damina

Garejin da daɓensa yake daidai da titi ko ƙasa da shi zai sha ruwa a watan Agusta. Daɓe ya ɗara filin waje da aƙalla santimita 10, a yi masa gangara mai sauƙi a bakin ƙofa. Shi kansa daɓen a karkata shi zuwa ƙofa da santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ta yadda ruwan wanke mota zai fita da kansa. Idan titi ya riga ya fi gidan tudu, a haƙa ƙaramar kwata a gaban ƙofa daga bango zuwa bango, a rufe ta da ragar rodi, a haɗa ta da magudanar waje. A riƙa kwashe yashin cikinta tun kafin ruwan farko.

Kaurin kankare santimita 10 ya ishi ƙaramar mota. Haɗin da ya dace shi ne siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, wato buhun siminti guda mai kilo 50 da kwanon sarki 4 na yashi da 8 na tsakuwa. Garejin mita 3.5 da mita 6 zai ci buhu 13 zuwa 14. Kafin a zuba, a daddaɓe ƙasar sosai, a shimfiɗa leda mai kauri don hana danshi tasowa, a ɗora ragar ƙarfe a kan ƙananan duwatsu ta zauna a tsakiyar kankaren. Ragar da aka bari kwance a ƙasa ba ta riƙe komai.

Abu biyu ke fasa daɓe tun yana sabo. Na farko yawan ruwa a kwaɓi, wanda leburori ke so saboda yana sauƙaƙa shebur, alhali yana raunana kankare ya sa samansa ya riƙa gari. Na biyu bushewa da wuri. A zafin bazara ko iskar hunturu saman kankare yana bushewa cikin sa'o'i kaɗan ya tsattsage. A rufe shi da buhunan algarara jiƙaƙƙu, a ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7. Kada mota ta hau kafin nan, kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. A tsaga layi guda a tsakiyar tsawon, zurfin kamar santimita 2.5, don in zai tsage ya bi layin.

Iska, janareta da fetur

Wannan ne sashen da ba a yi masa rangwame. Janareta da injin mota suna fitar da iskar guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma tana bi ta ƙasan ƙofa da ta cikin silin ta shiga ɗakunan kwana. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, abin da mutane kan ɗauka zazzaɓi ne su sha magani su kwanta. Mai barci kuwa ba ya jin komai. Idan mutum biyu ko uku a gida suka kamu da waɗannan alamu lokaci guda kuma janareta na aiki, a fitar da kowa waje, a kashe shi, a tafi asibiti.

Saboda haka ba a kunna janareta a cikin gareji, ko da ƙofar a buɗe take. Tsoron ɓarawo ne ke sa a shigar da shi, kuma maganin wannan na hannun mai walda: kejin rodi a tsakar gida, mai rufin kwano, buɗe ta kowane gefe, ƙafafunsa a binne cikin kankare. Ya yi nisan kamar mita 6 daga tagogi da ƙofofi in fili ya bari, salansa kuma ta kalli inda ba kowa, ba tagar maƙwabci ba. Haka mota: a buɗe ƙofar gareji kafin a tayar da ita, a fito da ita waje in ana son ta ɗumama.

Tururin fetur ya fi iska nauyi, don haka ƙasa yake kwanciya ya bi daɓe kamar ruwa. Gas ɗin girki ma haka yake. Ƙaramin tartsatsi ya isa ya tayar da shi, kuma firij ko firiza ko injin jan ruwa duk suna yin tartsatsi a kusa da ƙasa duk lokacin da suka tashi. Kada a haɗa su ɗaki guda da fetur. Abin da ya fi shi ne a yi wa fetur ɗan ɗaki daban a inuwa, nesa da kicin. In ba hali, kada abin da ke gareji ya wuce na kwana biyu ko uku, a jarkar ƙarfe mai marfi da roba, ba a cika ta taf ba saboda fetur yana kumbura da zafi. Jarkar man gyaɗa ba don fetur aka yi ta ba, marfinta yana sakin tururi. Ba a zuba wa janareta mai yana aiki. A kashe shi, a jira kamar minti 15 ya huce.

Batir ɗin inbata mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin idan yana caji, ita kuma sama take tashi. To ga dalilin da ya sa gareji ke buƙatar mafitar iska kashi biyu: bulo mai huji a ƙasa, kamar santimita 20 zuwa 30 daga daɓe, da wani a sama dab da rufi, a bangon da ke fuskantarsa. A toshe hujin da ragar ƙarfe mai ƙananan ido don ɓera da maciji. Da hunturu ƙura za ta shiga ta nan, amma share ƙura ya fi toshe iska. Zafi ma yana cin batir: duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana rage kusan rabin kwanansa. Garejin kwano mara silin a watan Afrilu ba wurin batir ba ne. A sa silin, a shafa wa kwanon farin fenti ta waje, ko a nema wa batir wani ɗaki.

A rataya tukunyar kashe gobara mai gari, kilo 6 ko 9, a kusa da ƙofar fita, ba can ƙurya ba inda wuta za ta tare hanya. A duba allurarta duk wata, ta kasance a kan kore. A ajiye bokitin yashi busasshe kusa da ita. Ba a watsa wa wutar fetur ruwa, yaɗa ta yake yi.

Wayarin

Waya mai lamba 2.5 (murabba'in milimita) ga soket, 1.5 ga fitila, duka a cikin bututu. Soket da makunni su yi tsayin mita 1.2 daga ƙasa, sama da ruwa da tururin fetur. A sa wayar ƙasa ta gaske, wato wadda ke kai wutar da ta ɓalle zuwa cikin ƙasa, da na'urar nan mai miliamfiya 30 da ke yanke wuta da zarar ta fara bi ta jikin mutum, tunda wuri ne da ake taɓa ƙarfe da jiƙaƙƙen hannu. Janareta ya shiga gida ta makunnin da ke raba layinsa da na wutar NEPA. Cusa wayarsa a soket yana mayar da wuta kan layin waje, yana iya kashe mai gyara a kan fal. Fitila kuwa a sa dogaye biyu a gefe da gefe. Guda ɗaya a tsakiya rufin mota kawai take haskawa.

Kulle

Ɓarawo ba ya faɗa da tsakiyar ƙofa. Kwaɗo yake nema, ko kunnuwan da aka rataya shi, ko hinji, ko ya ɗaga kwano ya diro ta sama.

Falan ƙarfen ƙofa ya kai kaurin milimita 1.5 zuwa 2, a kan firam mai ƙarfen da ya gitta daga kusurwa zuwa kusurwa don kada ta sunkuya. Kowane ɓangare ya sami hinji 3, a walda su ta ciki, a toshe kan sandar hinjin da walda don kada a ɗaga ƙofar a zare ta. Ginshiƙin da ke riƙe da ita ya zama zubin kankare da rodi, ko bututun ƙarfe inci 4 cike da kankare, an binne shi santimita 60. Firam ɗin da aka kafa a bulo mai rami yana girgiza cikin shekara guda.

Hanyar da ta fi ita ce a kulle babbar ƙofa ta ciki: sakata biyu masu shiga daɓe, biyu masu shiga sama, sannan a fita ta ƙaramar ƙofa. A dasa guntun bututu a ramin sakatar ƙasa don bakinsa kada ya farfashe, a riƙa zaƙulo yashinsa. In dole kwaɗo ya kasance a waje, a sayi mai ƙarfen baka da ya kai milimita 10, mai walda ya yi masa akwatin ƙarfe buɗe ta ƙasa kawai, inda hannu da makulli za su shiga amma almakashin rodi da zarto ba za su samu wuri ba.

Ƙofar da ta haɗa gareji da cikin gida ana yawan barinta ta katako mai sauƙi, alhali wanda ya shiga gareji ya sami wurin da zai yi aiki a ɓoye ba mai ganinsa. Ta zama ta ƙarfe kamar ta ƙofar gida, da roba a gefunanta don tare hayaƙi. Ƙarƙashin kwano a gitta rodi milimita 12, tazarar santimita 15. Tsani, guduma da ƙarfen ɓanɓare taya a kulle su, kada a tanadar wa ɓarawo kayan aiki.

Babur yana buƙatar nasa tsaron, domin mutum biyu suna iya ɗaukarsa ko da an kulle kansa. Lokacin zuba daɓe a dasa rodi milimita 16 da aka lanƙwasa kamar baka, a jikin bango. A zura sarƙa mai kaurin milimita 10 ko fiye ta cikin firam ɗin babur, ba ta taya kaɗai ba, kuma kada kwaɗon ya kwanta a ƙasa, inda za a sami abin dogara a buge shi da guduma. A waje a sa fitilar sola mai kamawa idan ta ji motsi. Mai son kyamara ya kafa ta a tsayin mita 2.5 zuwa 3, ta kalli fuskar mai zuwa, ba ƙeyarsa ba. Takardun mota na asali da makulli na biyu su kwana a cikin gida.

Giris a hinji sau biyu a shekara, da jan fentin hana tsatsa a ƙasan ƙofa kafin damina, sun isa. A ƙasan ƙofar a ɗaura tsirin robar tsohuwar taya don rage ƙura da kunama.

Ajiya

Kanta mai zurfin santimita 40 zuwa 45 ta isa, a bangon ƙurya ko gefen da direba ba ya fita. A yi ta da ƙarfe mai ƙafafu har ƙasa, sannan a ɗaure ta da bango don kada ta kife, saboda ƙusar bango ba ta riƙe nauyi a bulo mai rami. Katako yana jawo gara. Kaya masu nauyi a ƙasa, maganin ƙwari da baƙin mai da ruwan batir a akwati mai kulle inda yaro ba zai kai ba. A kafa guntun katako ko bulo a daɓe daidai inda tayar gaba za ta tsaya, don mota kada ta daki kanta.

Hatsi yana ɗaukar warin fetur, yana kuma kiran ɓeraye, su kuma ɓeraye suna cin wayoyin mota. In babu wani wuri, a zuba shi a durom mai marfi ko buhun nan mai leda biyu a ciki, a ɗora a kan dakali santimita 15 daga ƙasa, ba ya taɓa bango. Ƙwayar nan ta turara hatsi da ake jefawa cikin buhu tana fitar da iska mai kisa, kada a yi amfani da ita a garejin da ke manne da ɗakunan kwana.

Wanda zai mayar da garejinsa shago ya toshe ƙofar cikin gida da bulo, ya raba mitar wuta, kuma kada a fasa bango don faɗaɗa ƙofa sai an tokare sama an zuba sabon lintal mai rodi. Sauya amfanin gini yana buƙatar izinin hukumar tsara birni, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, kuma a nemi izinin tun kafin birkila ya ɗaga guduma.